Dillalan da ke cinikin gobe

A Chicago, sana'ar nan daga hatsi ta faro. Tun ƙarni na 19 manomi da ɗan kasuwa kan yanke farashin masara yau, a kawo kaya bayan girbi. A shekarar 1982 aka ɗora wannan dabara a kan abin da ba ya shiga buhu, wato ma'aunin hannayen jari. Kasuwar Kansas City ce ta fara a watan Fabrairu, ta CME a Chicago ta biyo baya a watan Afrilu da S&P 500, ma'aunin da ke bin farashin manyan kamfanoni 500 na Amurka.

Dillalin wancan zamani a tsaye yake wuni cikin wani fili mai matakala da suke kira rami, sanye da kwat mai launi don yaransa su hango shi. Hayaniya ta hana a ji magana, don haka da hannu ake ciniki: ya juya tafi wajen fuskarsa, saye yake, ya tura shi waje, sayarwa yake. Yau ramin ya mutu, kwamfuta ta gaje shi, amma lissafin yana nan yadda yake.

A kwantiragin E-mini na S&P 500, wanda aka ɓullo da shi a 1997, kowane maki ɗaya dala 50 ne. Idan ma'auni yana kan 5,000, mutum ya ɗauki nauyin dala 250,000 ke nan, alhali ɗan kafin alƙalami kawai ya ajiye. Kasuwa ta sauka da kashi ɗaya cikin ɗari, dala 2,500 ta fita daga asusunsa a ranar, domin kullum ake rufe lissafi. Ajiya ta yi ƙasa, a kira shi ya ciko. Ya kasa, a sayar da abin da ya riƙe ko yana so ko ba ya so.

Shi ya sa nake ganin gwanintar wannan aiki ba hasashe ba ce. Gwani shi ne wanda tun kafin ya shiga ya san iyakar asarar da zai iya ɗauka, ya tsayar da inda zai fita, kuma bai taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara ba. Manajan asusun fansho kan sayar da kwantiragin don ya kare dukiyar tsofaffi idan farashi ya faɗi, ɗan hasashe kuwa shi ke karɓar wannan haɗari.

Nick Leeson ya nuna abin da rashin wannan tarbiyya ke jawowa. Daga Singafo yake cinikin ma'aunin Nikkei na Japan a madadin bankin Barings. Duk asarar da ya yi sai ya ɓoye, ya ƙara zuba kuɗi don ya farfaɗo. Girgizar ƙasar Kobe ta Janairun 1995 ta karya kasuwar, asara ta kai fam miliyan 827, bankin da aka kafa tun 1762 aka sayar da shi fam ɗaya.

Sana'ar ta iso Legas a 2022, lokacin da kasuwar NGX ta buɗe irin wannan ciniki a kan ma'aunin NGX 30. Mai sha'awa ya sani cewa Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke tun 1992 cewa saye da sayar da ma'auni bai halatta ba, domin babu kayan da ke sauya hannu, bambancin farashi kaɗai ake biya.