Zuga Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Ƙasar Zafi: Bayani ga Mutanen Jiga Maƙera da Maƙwabtansu

Ku sani, ya jama'a, tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero cikin shekarar 2006, kwamfuta ta zama abar gani a wannan yanki, daga Jega har Maiyama. Ɗalibai na aiki da ita, haka masu shagon buga takardu, har wasu fataken albasa sun fara zuba lissafinsu a cikinta. Sai ga wata dabara ta shigo hannun samari, watau a matsa wa ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur ta yi gudun da ya wuce wanda maƙerinta ya ƙayyade mata. Ya kamata mai dukiya ya fahimci al'amarin kafin yaron shagonsa ya taɓa masa na'ura.

Sunan Jiga Maƙera kansa ya isa misali. Kowa ya san maƙeri ya kan zuga wuta domin ƙarfe ya yi saurin yin ja, amma in zugin ya wuce kima sai ƙarfen ya ƙone. To, wannan dabara zugi ce. Ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda masu sana'ar ke kira furosesa, tana da bugu kamar na zuciya, bugu biliyan ɗaya cikin daƙiƙa guda shi ake kira gigahaz ɗaya. Asalin bugun miliyan 100 ne, sa'an nan a ninka shi da wani adadi. In adadin 40 ne, gudu ya zama gigahaz 4. In mai zugi ya shiga BIOS ya mai da shi 44, gudu ya zama 4.4.

Abin ba sabo ba ne a duniya. A 1998 kamfanin Intel na Amurka ya fitar da Celeron 300A mai araha, mutane suka riƙa ɗaga gudunta daga miliyan 300 zuwa 450. A 2011 Core i5-2500K ta fito da gigahaz 3.3, masu zugi da yawa suka kai ta 4.5. Amma fa ba kowace na'ura ke yarda ba. A na Intel sai mai harafin K a ƙarshen sunanta, da allon da ya dace da ita. Na Ryzen, waɗanda AMD ya fara fitarwa a 2017, galibinsu a buɗe su ke. Kwamfutocin ofis na gwanjo kuwa, mafi yawansu a kulle su ke, kada wani ya karɓi kuɗin mutum da alkawarin buɗe su.

Sharuɗɗan zugi uku ne. Na farko ƙarfin wuta. Ƙwaƙwalwa ba ta shan wutar bango kai tsaye, sai an rage mata ita zuwa wajen bolt 1.2. In an ƙara gudu, sau da yawa sai an ƙara bolt kafin ta tsaya daidai. A nan ne ɗan kasuwa zai kasa kunne, gama zafi yana bin gudu ninki ɗaya, amma yana bin bolt ninki cikin ninki. Wanda ya ɗaga gudu daga 4 zuwa 4.4, ya ɗaga bolt daga 1.2 zuwa 1.35, ya ci ribar kashi 10 cikin 100 na sauri, ya jawo wa kansa ƙarin zafi kusan kashi 40. Wane falke ne zai yarda da ciniki irin wannan ido rufe? Har wa yau wuta mai yawa tana cin ƙwaƙwalwa a hankali. A 2024 Intel da kansa ya bayyana cewa wasu ƙwaƙwalensa na tsara ta 13 da ta 14 sun riƙa jan wuta fiye da kima har suka raunana, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara 2 bisa garanti. In maƙerin abu ya yi tuntuɓe a nan, ina ga mai koyo?

Na biyu zafi, shi ne kuwa babban al'amari a ƙasarmu. Yawancin waɗannan ƙwaƙwale iyakarsu digiri 95 zuwa 100. In sun kai nan sai su rage gudu da kansu don kada su ƙone, zugi ya tashi a banza. Fanka ba ta haifar da sanyi, iskar ɗaki kawai ta ke turawa bisa ƙarfen da ke shan zafin. Saboda haka duk digirin da ɗaki ya ƙaru da shi, kusan shi ƙwaƙwalwa za ta ƙaru da shi. Bature a Jamus yana gwaji cikin ɗaki mai digiri 20, ya rubuta adadinsa a intanet. Yaro a Jiga ya kwafa cikin Afrilu, ƙarƙashin rufin kwano, alhali waje ya wuce digiri 40. Abin da ya tsaya a 80 can, nan zai taɓa 100. Ga kuma ƙurar hunturu mai toshe fanka, da man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfenta, wanda ya kan bushe in ya daɗe. Lalle a busa ƙura, a sake mai, kana a yi zancen zugi.

Na uku tabbata. Na'urar da aka zuga ta kan tashi lafiya, ta yi kwana uku, sa'an nan ta tsaya cik tsakiyar aiki. Wannan ma da sauƙi. Mafi muni ita ce wadda ba ta tsaya ba, amma ta ɓata lamba ɗaya cikin lissafin buhunan albasa ko cikin littafin da malami ya sha wahalar bugawa, ba wanda ya sani. Maganinsa jarrabawa. Akwai manhaja mai suna Prime95, wadda George Woltman ya rubuta a 1996, tana ɗora wa ƙwaƙwalwa lissafi mai nauyi, ta faɗa in an sami kuskure. Ƙa'ida ita ce a ƙara mataki ɗaya, a jarraba sa'o'i da yawa ana duban zafi, a rubuta sakamako, kana a ƙara wani. Kuma a yi jarrabawar da tsakar rana cikin bazara, domin abin da ya ci jarrabawa da asubar Janairu bai ci komai ba tukuna. Inda wutar gari ke hawa da sauka, ko ana aiki da janareta, a sa sitabilaiza da UPS tukuna.

Ƙarshen magana, na'urar da ake neman abinci da ita a bar ta yadda maƙerinta ya saita. Wanda zafi ya dame shi ma, ya fi masa ya rage bolt kaɗan, ya jarraba, na'ura ta yi sanyi gudunta bai ragu ba. Ɗalibi mai son ilmin abin kuwa ya koya a na'urar da in ta mutu ba wanda zai kwana da yunwa, kada garin neman gira a rasa ido.