Babi na Uku: Faɗin Harsashin Ƙaramar Bindiga da Batun Tsayar da Mahari ko Dabbar Dawa

3.1 Ma'anar Kaliba da Ƙarfin Tsayarwa

Kalmar kaliba tana nufin faɗin ramin bututun bindiga, wanda kuma shi ne faɗin harsashin da ke bi ta cikinsa. A Amurka ana auna shi da inci, a Turai kuwa da milimita. Don haka harsashin da ake kira .45 faɗinsa bai kai rabin inci ba, wato kimanin milimita 11.4, shi kuwa mai milimita 9 sunansa ya riga ya faɗi awonsa. Abin da Amurkawa suke kira ƙarfin tsayarwa shi ne iyawar harsashi ya dakatar da mahari nan take, ya kasa ci gaba da abin da ya yi niyya. Wannan ya bambanta da kisa, domin mutum na iya samun raunin da zai zama ajalinsa bayan awa guda, amma kafin nan ya gama ɓarnar da ya zo yi. Muhawarar ta fi ƙarfi a Amurka saboda a can ne farar hula suke riƙe fistol da libarba don kare kai da farauta. A Nijeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya irin waɗannan bindigogi cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, shi ya sa misalan wannan babi suka fito daga can.

3.2 Asalin Ra'ayin Babban Harsashi

Ra'ayin cewa faɗin harsashi shi ne komai ya samo tushe daga yaƙin da Amurka ta yi a tsibiran Filifin a farkon ƙarni na 20. Sojojinta suna riƙe da libarba mai harsashin .38 Long Colt, sai rahotanni suka riƙa zuwa cewa mayaƙan Moro, Musulmin kudancin ƙasar, sukan sha harbi da dama amma su iso kan soja da takobi. A shekarar 1904 aka ɗora wa John Thompson da likitan soja Louis LaGarde aikin gwaji. Sun harbi shanu masu rai a mahautar Shikago, sun kuma harbi gawarwakin mutane da aka rataye suna duba yadda suke lilo. Daga nan suka ba da shawarar kada harsashin soja ya gaza .45. Wannan ne ya kai ga karɓar fistol ɗin John Browning a 1911, wanda ya zauna a matsayin ƙaramar bindigar sojan Amurka har 1985.

Idan aka dubi gwajin na 1904 da idon bincike, za a ga rauninsa a fili. Dabbobin ba su da yawa, ba a harbe su a wuri ɗaya ba, kuma lilon gawa ba awo ba ne. Duk da haka sakamakon ya samu karɓuwa, har Hatcher (1935) ya gina lissafinsa a kai, inda ya haɗa nauyin harsashi da gudunsa da faɗinsa da siffar kansa ya fitar da lamba guda. Lissafin ya fifita manyan harsasai, kuma an daɗe ana kafa hujja da shi.

3.3 Abin da Harsashi Yake Yi a Jiki

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne hoton da finafinai suka dasa a zukatan jama'a, na mutumin da harsashi ya ɗaga ya yar. Harsashi mai milimita 9 nauyinsa kimanin giram 8 ne, yana fita da gudun mita 350 zuwa 360 a daƙiƙa. Idan aka raba wannan turi a kan mutum mai kilo 70, bai wuce ya motsa shi santimita 4 a daƙiƙa ba. Haka kuma, bisa ƙa'idar Newton, turin da harsashi ya tafi da shi daidai yake da shurin da bindiga ta yi wa hannun mai harbi. Da zai iya kayar da wanda aka harba, da ya kayar da maharbin ma.

Ta fuskar ƙarfi kuwa, mai milimita 9 da .45 duk suna kusa da jul 500. Na farko ya fi gudu, na biyu ya fi nauyi, domin ya kai giram 15 amma gudunsa kimanin mita 255 ne. Harsashin AK-47 yana da kimanin jul 2,000, wato ninki huɗu ke nan. Wannan tazara tana da muhimmanci. Harsashin doguwar bindiga yakan buɗe nama da ƙarfi har ya yaga abin da bai taɓa ba. Na ƙaramar bindiga ba shi da wannan gudu, naman jiki yakan buɗe ya koma kamar roba, don haka ɓarnarsa ta tsaya ga abin da ya huda kawai.

Patrick (1989), wanda jami'in hukumar binciken tarayya ta Amurka ne, wato FBI, ya bayyana cewa hanya ɗaya ce tabbatacciya ta tsayar da mutum nan take, ita ce harsashi ya sami ƙwaƙwalwa ko saman laka. Bayan wannan sai zubar jini, wanda ke ɗaukar lokaci. Ko da an fasa zuciya, iskar da ta rage a ƙwaƙwalwa tana iya riƙe mutum daƙiƙa 10 zuwa 15 yana motsi da niyyarsa, kuma wannan lokaci ya isa a ƙarar da harsasan bindiga guda. Yawancin waɗanda suke faɗuwa da harbi ɗaya, tsoro ne da firgita da sanin cewa an harbe su suke kayar da su. Mai maye, ko wanda fushi ya rufe wa ido, ko wanda ya riga ya sallama ransa, ba lallai ya faɗi ba.

3.4 Artabun Miyami da Abin da Ya Biyo Baya

A ranar 11 ga Afrilu, 1986, jami'an FBI takwas suka tare wasu 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix, a kudancin Miyami. Cikin ƙasa da minti biyar aka kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, aka raunata biyar, 'yan fashin ma suka mutu. Tun farkon artabun harsashi mai milimita 9 ya shiga damtsen Platt na dama, ya ratsa cikin ƙirjinsa, ya tsaya kimanin inci guda kafin zuciya. Raunin na kisa ne, amma Platt ya ci gaba da harbi da doguwar bindigarsa, kuma bayan wannan rauni ne ya kashe jami'an biyu.

Hukumar ta ɗora laifi a kan harsashin. Ta fitar da sabon ma'auni, cewa dole harsashi ya kutsa inci 12 zuwa 18, wato santimita 30 zuwa 46, a cikin jelatin, wani abu mai kama da daskararren romon ƙafar sa wanda ake haɗawa don ya yi daidai da taurin tsokar mutum. Ana kuma gwada shi bayan ya ratsa tufafi masu kauri da katako da ƙarfen mota da gilashi. Dalilin wannan zurfi shi ne mahari ba ya tsayawa ya ba da ƙirji, sau da yawa hannu ko kafaɗa ne a gaba. Hukumar ta koma ga harsashi mai milimita 10, amma shurinsa ya yi wa jami'ai da yawa ƙarfi, sai aka rage masa albarushi. Daga wannan ragi ne kamfanonin Smith & Wesson da Winchester suka fitar da .40 a 1990, wanda 'yan sandan Amurka suka runguma na tsawon shekaru.

Abin lura shi ne, a 2014 sashen horarwa na hukumar ya ba da shawarar a koma ga milimita 9, wanda aka guje wa tun farko, kuma a 2016 aka ba kamfanin Glock kwangilar sababbin bindigogin. Hujjojin su ne: an inganta harsasai masu ramin kai ta yadda suke buɗewa kuma su kutsa yadda ake so, likitocin tiyata ba sa iya bambance ramin milimita 9 da na.40 ko .45, sannan jami'ai sun fi saiti da sauri da mai sauƙin shuri, ga shi gidan harsashinsa ya fi ɗaukar da yawa. Wannan nazari yana ganin cewa matsalar Miyami ta ƙirar wancan harsashi ce da ya buɗe da wuri, tare da fuskantar doguwar bindiga da ƙananan bindigogi. Faɗin kaliba ya ɗauki laifin da ba nasa ba ne.

Akwai kuma aikin Marshall da Sanow (1992), waɗanda suka tattara rahotannin harbi suka jera harsasai bisa yawan waɗanda suka tsaya da harbi ɗaya. Littafin ya yi farin jini, sai dai masana irin su Martin Fackler sun soki hanyar tattara bayanansa, musamman cire duk wanda aka harba fiye da sau ɗaya daga lissafi, alhali waɗannan su ne shaidar gazawar harbin farko.

3.5 Ƙaramar Bindiga a Fagen Farauta

A farauta lissafin ya sauya. Mai kare kansa yana neman daƙiƙoƙi ne, kuma ba ya son harsashi ya fita ta baya ya sami wanda bai ji ba bai gani ba. Maharbi kuwa so yake harsashi ya ratsa ya fita, domin rami biyu sun fi zubar da jini, kuma jinin ne sawun da zai bi. Barewar da aka harba a huhu ta yi gudun mita 50 ko fiye ta faɗi, a wurin maharbi harbi ya yi kyau. Irin wannan jinkiri a wurin ɗan sanda shi ne abin da ya faru a Miyami.

A nan girman harsashi yana da tasiri na gaske, saboda dabba tana da fata mai kauri da ƙashin kafaɗa da faɗin jiki, kuma tazarar ta fi nisa. An fitar da .357 Magnum a 1935, Douglas Wesson ya yi farautar manyan namun daji da shi don tallata shi, amma a yau galibin maharba suna ɗaukarsa a matsayin mafi ƙanƙantar abin da ya dace da barewa, a kusa. A 1955 aka samar da .44 Magnum bisa ƙoƙarin Elmer Keith, wani maharbi kuma marubuci mazaunin jihar Aidaho. Harsashinsa mai kimanin giram 15.5 ya haura jul 1,000, kuma shi ne ya zama ma'aunin farautar barewa da aladun daji da baƙin beyar. Daga baya aka samu .454 Casull, sai .500 Smith & Wesson a 2003, waɗanda nauyinsu da shurinsu suka sa ba kowa ke iya saiti da su ba.

Siffar harsashi ma ta bambanta. Ga babbar dabba an fi son na dalma mai tauri, mai faffaɗan kai, wanda ba ya buɗewa, domin ya karya ƙashi ya wuce a miƙe. Harsashi mai ramin kai da aka ƙera don mutum yana iya buɗewa a kafaɗar alade ya tsaya a nan. Sakamakon shi ne dabba mai rauni, wadda ko ta tafi ta mutu a banza a cikin daji, ko ta juyo kan maharbi, kamar yadda maharban ƙasar Hausa suka sani game da ɓauna mai rauni. Saboda haka ne jihohin Amurka da dama suka ƙayyade mafi ƙarancin kaliba ko tsawon bututu da za a yi farautar barewa da shi. Ko sojojin Denmak masu sintiri da karnuka a arewa maso gabashin Girinlan, waɗanda suke riƙe fistol ɗin Glock mai milimita 10 saboda farin beyar, doguwar bindiga ce makaminsu na farko, fistol ɗin na lokacin da dabbar ta riga ta iso ne.