Kwance Sukurun da ya Cije a Faifan Birkin Mota

Gabatarwa

Garin Birnin Kudu yana kan hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta nufi Ningi da Bauci, daga yankinsa kuma hanya ta ratsa zuwa Gwaram. Ƙananan motocin haya irin su Golf da Sharan, da na gida irin su Honda da Peugeot, kullum suna bin waɗannan hanyoyi ɗauke da mutane da kaya, musamman a ranakun cin kasuwa irin ta Sara. Yawan lodi da yawan taka birki kan cinye faifan birki, har a kai ga sauya shi. Sai dai sau da yawa ɗan ƙaramin sukuru guda kan tsayar da aikin awa ɗaya ya koma na yini. Wannan darasi zai bayyana dalilin cijewar sukurun da matakan kwance shi.

Faifan Birki da Sukurunsa

Faifan birki wani zagayayyen ƙarfen zubi ne da ke juyawa tare da taya. Idan direba ya taka birki, sai takalman birki biyu su matse shi ta kowane gefe, motar ta rage gudu. Faifan yana zaune ne a kan hob, wato dunƙulen ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa. A wasu motoci akwai sukuru ɗaya ko biyu da ke riƙe faifan a jikin hob. Honda kan zo da biyu, Golf kuwa ɗaya. Ya kamata a lura cewa ba wannan sukuru ne ke ɗaukar nauyin birki ba. Notocin taya ne ke yin haka. Aikinsa shi ne ya tsayar da faifan daidai kafin a mayar da taya.

Dalilan Cijewarsa

Dalili na farko shi ne tsatsa. Da damina motocin da ke shiga ƙauyukan Gwaram da Birnin Kudu kan keta ruwa da taɓo, laima ta shiga cikin zaren sukurun. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka sai ta cike ɗan sararin da ke tsakanin zare da zare.

Na biyu shi ne zafi. Faifan kan yi zafi sosai a tuƙin yau da kullum, ya kuma wuce haka a gangara. Ƙarfe yana buɗewa da zafi, ya tsuke da sanyi, wannan kai-komo na shekaru kan ƙara manne sukurun.

Na uku shi ne kuskuren kayan aiki. Kan sukurun iri-iri ne. Akwai mai gicciye samfurin Phillips wanda ya yaɗu daga Amurka a shekarun 1930, akwai mai gicciye samfurin Japan da ake kira JIS, akwai kuma mai tauraro da ake kira Torx wanda aka ƙirƙiro a 1967. Masu gicciyen nan biyu sun yi kama a ido, amma bakinsu ya bambanta. Idan aka sa sukuddireban da bai dace ba, sai ya zame ya cinye kan sukurun.

Matakan Kwancewa

Ƙa'idar aikin ita ce a fara da lallami, a bar ƙarfi zuwa ƙarshe. Da fari a ɗaga motar da jak, a tokare ta da abin tokara mai ƙarfi, domin jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Bayan an cire taya sai a bi waɗannan matakai:

1. A goge kan sukurun da burushin waya, a kwaƙule ƙasar da ta cika raminsa, domin bakin sukuddireba ya zauna har ƙasa.

2. A fesa man sassauta tsatsa irin WD-40, a jira kamar minti 15. Daga nan a ɗan bubbuga kan sukurun da guduma don tsatsar ta farfashe.

3. A yi amfani da sukuddireban duka, wato wanda idan an buga bayansa da guduma yake danna sukurun ciki tare da juya shi hagu a lokaci guda. Mafi yawan sukurori a nan suke saki.

4. Idan ya ƙi, sai a gasa kansa da wutar gas na ɗan lokaci, a bari ya huce, a sake gwadawa. Wajibi ne a goge man da aka fesa tukuna domin yana kama wuta, a kuma nisantar da harshen wutar daga tiyon man birki da wayoyin da ke kusa.

5. Idan kan ya riga ya cinye, a kafa kurfi a gefensa a karkace, a riƙa bugawa ta ɓangaren kwancewa. Wasu kanikawa kan kira mai walda ya liƙa noti a kan sukurun, sannan a kwance da sifana.

6. Mataki na ƙarshe shi ne a huda kan da injin huda ƙarfe har ya rabu da jikinsa. Idan faifan ya fita, guntun da ya rage yakan kwance da filaya.

Wani lokaci faifan kansa kan manne da hob. A motocin Honda da Toyota da dama akwai ramuka biyu masu zare a jikin faifan. Idan aka ɗaura boltoci masu kaurin milimita 8 a cikinsu bi da bi, sai su turo shi waje.

Illar Gaggawa

Bakanike marar haƙuri yakan rufe wurin da duka da babbar guduma. Wannan kan lalata boris ɗin taya ko ya lanƙwasa fuskar hob. Idan sabon faifai ya zauna a karkace, ko da da kaurin gashi ne, zai riƙa cinyewa ba daidai ba, sitiyari ya dinga rawa duk lokacin da aka taka birki. A motar da ta ɗauko fasinjoji, wannan magana ce ta rayuka. Saboda haka kafin a ɗora sabon faifai, a kankare tsatsar fuskar hob sarai, a shafa ɗan giris a zaren sabon sukuru, a ɗaure shi sama-sama. Kada giris ya taɓa fuskar faifan ko takalman birki. Haka kuma faifan dama da na hagu tare ake sauya su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa tsatsa da zafi da rashin dacewar kayan aiki su ne ke sa sukuru ya cije, kuma bin matakai daki-daki shi ne maganinsa. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa. Malamin da zai koyar da rubutun bayani zai sami misali a nan na yadda ake jera matakan aiki, kowane a muhallinsa.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da ke sa sukurun faifan birki ya cije.
2. Me ya sa ake goge mai kafin a kusanto da wuta?
3. Fitar da kalmomin aro biyar daga wannan darasi, ka nuna yadda Hausa ta sarrafa su.
4. Ziyarci garejin da ke kusa da kai, ka rubuta bayanin wani aiki ɗaya mataki-mataki.