Hisabin Wutar Lantarki Kafin Waya Ta Ɗauki Zafi

Duk lokacin da hunturu ya kama, iska ta bushe, aka wayi gari da labarin gobara a wani shago ko wani gida, abin da akan ji a bakin jama'ar Jalingo, daga Sabon Gari har Mayo Gwoi da Magami, shi ne "wutar NEPA ce", ko da yake NEPA ta daɗe da shuɗewa, kamfanin da ke Yola ne yake raba wuta ga Taraba da Adamawa da Borno da Yobe. Babu mai musun ƙaddara, amma malamai sun karantar da mu cewa Allah Ya rataya al'amura ga sabubbansu, kuma sababin da yawa daga cikin irin waɗannan gobara wani ɗan hisabi ne da ɗan firamare zai iya yi, sai dai magidanta ba su saba yinsa ba.

Abubuwa uku ne asalin mas'alar, kuma mai tankin ruwa a saman ɗaki ya riga ya san su. Tsawon da aka ɗaga tankin shi ke ba ruwa ƙarfin turi, wannan a lantarki ana auna shi da bolt. Yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu shi ne gudanar wuta, ma'auninta amfiya. Ƙuncin bututun kuwa, wanda ke hana ruwa wucewa yadda ya so, shi ne tirjiya, ma'auninta om. Wani malamin makaranta Bajamushe, Georg Ohm, shi ya bayyana ƙa'idar da ta haɗa su a 1827, cewa idan aka raba bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne tirjiya. Idan kuma aka ninka bolt da amfiya, sai a sami ƙarfin aikin da na'ura ke ci, wato wat, wanda ake rubutawa a jikin kowane dutsen guga da firji da fanka.

Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce bisa ƙa'ida. To, hitar dafa ruwa mai wat 2,000, idan aka raba 2,000 da 230, za a ga tana jan kusan amfiya 9, tirjiyarta kuma wajen om 26, sa'an nan kowace awa ɗaya da ta yi a kunne ta cinye yunit 2 a mita. Fulogi mai ƙafa uku da soket ɗin bango an yi su ne don amfiya 13, wato kimanin wat 3,000, ba ƙari. Saboda haka uwargidan da ta jona hita da dutsen guga mai wat 1,200 a kan doguwar wayar jone-jone guda, ta riga ta ƙetare haddi tun ba a kawo maganar firji ba, alhali wayoyin jonin da suka cika kasuwa da yawansu ko rabin wannan nauyi ba za su ɗauka ba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya yi nazari, domin zafin da waya ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya, yana gaba da ita nesa. Ƙa'idarsa ita ce a ninka amfiya da kanta, sa'an nan a ninka da tirjiyar wayar, ta yadda idan amfiya ta ninku sau biyu, zafi ya ninku sau huɗu. Mahaɗar waya da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, ko soket da ya yi sako-sako, na iya samun tirjiyar om 1 tak, abin da mutum zai raina. Amma idan amfiya 10 ta bi ta wurin, 10 sau 10 sau 1 ya ba da wat 100 na zafi tsantsa, daidai da tsohon ƙwan fitilar nan da ba a iya riƙe shi da hannu, a tattare a wuri ɗaya cikin silin, kusa da busasshen katako. Wannan ne dalilin da ya sa masu aikin wayarin na ƙwarai suke sa waya mai kaurin 1.5 ga fitilu, mai 2.5 ga soket, kuma suke ƙin wayar da aka yi wa fentin jan ƙarfe alhali cikinta alminiyam ne, wanda tirjiyarsa ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. A ganina, arahar irin wannan waya ha'inci ne da shari'a ta hana, ko mai sayarwa ya sani ko ya yi kamar bai sani ba.

Fis kuwa siririyar waya ce da aka yi ta da gangan don ta narke kafin wayar gida ta ɗauki zafi, don haka wanda ya maye gurbinta da kakkaurar waya ko ƙusa ya kawar da mai gadinsa da hannunsa.

Jikin ɗan Adam ma yana ƙarƙashin wannan ƙa'ida. Busasshiyar fata tirjiyarta na iya kai om dubbai masu yawa, amma idan ta jiƙe takan faɗo zuwa wajen om 1,000, kuma 230 a raba da 1,000 ya ba da kusan rubu'in amfiya, alhali abin da bai kai ushirin amfiya ɗaya ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Don haka duk wanda ya tsoma hita a bokiti da asuba don ruwan wanka, wajibi ne ya zare fulogi daga bango kafin ya sa yatsa ya ji ko ruwan ya yi ɗumi, kuma ya hana yara kusantar bokitin muddin wayar tana jone.