Saƙar Kwarashi: Yadda Ake Canza Launin Zare Ba Tare Da Cutar Da Jariri Ba

Da hunturu ya kunno kai a watan Nuwamba, mata masu saƙar kwarashi a Abuja kan nufi kasuwannin Wuse da Utako sayen zaren ulu, domin lokacin ne hula da safar jarirai ke ciniki. Iyaye sun fi son mai launi biyu ko uku, amma wurin haɗa launukan nan ne aiki ke ɓaci.

Uwargida, kada ki ƙulla sabon zare da tsohon. Ƙulli yana gogar fatar jariri, kuma yakan kwance a wanki. Idan kin zo saƙar ƙarshe ta launin farko, saura zagaye biyu a kan kwarashi, sai ki jawo sabon zaren ta cikinsu ki ci gaba. Ki bar jelar kowane zare ta kai santimita 15, sannan ki cusa ta cikin saƙar da babbar allura, gaba da baya.

Wannan ya shafi lafiya. Zaren da ke reto cikin safa kan naɗe yatsan jariri ya hana jini gudu. Idan yaro na kuka babu dalili, a cire safar a duba. In yatsa ya kumbura, a garzaya asibiti.

Ki zaɓi zaruruwa masu kauri ɗaya, ki kuma jiƙa ja ko shuɗi a kan farin ƙyalle tukuna, don gane ko yana zuba.