Me ya sa ƙ, ɗ da ɓ ke komawa akwati ko alamar tambaya a kwamfuta?

A shagunan buga takardu na Gwarzo da Kabo, inda ake kai katin ɗaurin aure, takardar jarrabawa da yarjejeniyar cinikin gona, an saba ganin an tsara rubutu lafiya a kwamfuta ɗaya, a buɗe shi a wata sai a tarar haruffa masu lanƙwasa sun rikiɗe. Masu shaguna da yawa sun huta da rigimar ta hanyar zubar da lanƙwasar. Sai dai “kara” da “ƙara” ba abu ɗaya ba ne, haka ma “baki” da “baƙi”, kuma a takardar da za ta iya kaiwa gaban alƙali wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Tsarin ASCII da aka fitar a Amurka a 1963 gurabe 128 kacal ya tanada, babu kuma harafin Hausa mai lanƙwasa a ciki, duk da cewa tun shekarun 1930 ake buga su a Zariya. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, shi ya ba kowannensu lambarsa: k na da 107, ƙ na da 409, ɓ 595, ɗ kuma 599.

Lambar ita kaɗai ba ta fito da komai a fuskar waya. Sai manhaja ta ɗauke ta ta nemo hotonta a cikin zubin haruffan da aka zaɓa, irin su Arial ko Times New Roman. Matakai biyu ke nan, kowanne da irin ɓarnarsa, kuma kamannin ɓarnar ne ke nuna ko rubutu zai ceto.

Idan ɗan akwati ya fito a gurbin ƙ, rubutun na nan daram, zubin ne ba shi da hoton harafin. Sauya shi da Noto na kamfanin Google, ko Charis ko Andika na ƙungiyar SIL, duka kyauta ne, sai harafin ya dawo. Wani lokaci manhajar da kanta takan aro harafin daga wani zubin, shi ya sa ake ganin ɗ ta fi maƙwabtanta kauri ko tsawo a tsakiyar kalma.

Idan kuwa “ƙasa” ta koma “Æ™asa”, matsalar ta karatu ce. Tsarin UTF-8 na ajiye ƙ a bayit biyu, tsohon tsarin Windows-1252 kuma yana ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Sake buɗe fayil ɗin da tsarin da ya dace yakan warware ta. Wadda ba ta da magani ita ce alamar tambaya da aka riga aka ajiye: manhajar ta jefar da lambar asali ta sa ta “?” a gurbinta. Jerin sunayen ɗalibai da ya bi ta wannan hanya sai dai a sake bugawa da hannu.

Akwai kuma tsofaffin takardu. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙirƙiro zubin haruffan Hausa masu lanƙwasa, abin da ya fitar da marubuta da maɗaba'u daga ƙangi a lokacin. Zubin wancan zamani kan ɗora hoton ƙ ko ɗ a kan lambar wata alama ta daban, don haka takardar da aka buga da su sai a kwamfutar da ke da zubin take karantuwa daidai, kuma neman kalma a cikinta ba ya samo ta.

Har a aljihu abin na taɓawa. Saƙon tes na ɗaukar haruffa 160 a tsarin GSM, wanda shi ma bai san ƙ ba. Da zarar an sa harafi ɗaya mai lanƙwasa, waya na komawa tsarin da ke ɗaukar 70. Sanarwar taro mai haruffa 150 da makarantar Islamiyya a Getso ko ƙungiyar manoma a Garo za ta tura wa jama'a sai ta koma saƙo uku ga kowane mutum. Ba a ga laifin wanda ya zubar da lanƙwasa a nan ba. WhatsApp ba shi da wannan haraji, amma al'adar ta bi mutane har can.

Inda laifi yake shi ne wurin masu gina manhajojin rajista. Ɗanladi, Danladi, 'Danladi da D'anladi sunaye huɗu ne a wurin kwamfuta, matuƙar ba a koya mata cewa mutum ɗaya ne ba. Ajiye bayanai a UTF-8, zaɓar zubin da ke da ƙ, ɗ, ɓ da manyansu, har da ƴ da ake amfani da ita a Nijar, aiki ne na 'yan mintoci a farkon gini. Hukumar da za ta ba da kwangilar manhaja tana iya gwada ta kafin biyan kuɗi: a shigar da Ƙaraye da Ɗanladi, a ajiye, a nemo su, a buga a takarda.