Kalimbo da aguwa: yadda ake gane su

Kalimbo icce ne na rairai. Ya yi yawa wajen Gure da Maine-Sorowa. Daga nesa sai ka ce tsintsiya aka kafa tsaye. Rassansa sirara ne, tsanwa, ba ƙaya. Ganye sai ga sabon toho, kuma nan da nan ya kaɗe. Tsawonsa yana kai metir 3. Furensa ƙanana ne, ruwan ɗorawa. Ƴaƴansa dogaye ne, in sun fashe iska ta kwashi iri mai gashi kamar na tumfafiya.

Ita ma aguwa tana kaɗe ganye da rani. Amma reshenta kauri gare shi, toka-toka. In an karya shi, farin nono ya fito. Nonon nan yana ƙona ido, a hana yara wasa da shi. Kalimbo ba ya da farin nono, sai ɗan ruwa.

Duka biyu ana shinge da su don tsaida rairai. Reshen aguwa in an dasa, yana kamawa. Kalimbo kuwa sara ake yi, a jera shi ya tare iska. Mai sara ya bar gindi da saiwa, don ya sake tohowa.